Takardar Neman Kuɗin Bincike: Ina Rabon Manomi a Cikinta?

'Yan'uwa manoma, wannan karo za mu yi magana a kan wata takarda wadda yawancinmu ba mu taɓa gani ba, amma sunayen ƙungiyoyinmu sukan shiga cikinta. Ita ce takardar da masu binciken aikin gona suke rubutawa sa'ad da suke neman kuɗin aiki. Sabon irin masara ko na wake da yake fitowa daga Samaru ta Zariya, ko daga IITA ta Ibadan da reshenta na Kano, ba daga sama yake faɗowa ba. Sai an biya ma'aikata, an yi gonakin gwaji damina bayan damina, an zuba wa mota mai. Kuɗin kuwa sai an roƙa a rubuce, wurin gwamnati ko wurin hukumomin ƙasashen waje, kuma kullum masu roƙo sun fi kuɗin yawa.

A dā abin da aka fi dubawa shi ne zurfin ilmin mai roƙo da kyan dabararsa. Yanzu an ƙara wata tambaya: in an gama binciken, wa zai amfana, kuma ta wace hanya labarin zai kai gare shi? Tarayyar Turai tana da babban asusun bincike na shekarun 2021 zuwa 2027. A can akan auna yawancin takardu a kan abu uku, watau ingancin binciken, da amfanin da zai haifar, da tsarin gudanar da aikin. Kowanne makinsa 5 ne, kuma wanda ya kasa samun 3 a ɗaya daga ciki ya fāɗi, ko da ya cinye sauran biyun. A Ingila ma, da aka auna binciken jami'o'i a 2014, an ba amfanin bincike ga jama'a kashi 20 cikin 100 na maki, a 2021 aka ɗaga shi zuwa kashi 25. Shi ya sa jami'o'i da yawa a can suka ɗauki ma'aikata na musamman, aikinsu su zauna da mai bincike su taya shi rubuta wannan ɓangare.

Akwai abu biyu da akan haɗa su wuri ɗaya alhali kuwa dabam suke. Na ɗaya shi ne miƙa sakamakon bincike ga wanda zai yi aiki da shi: manomi, da malamin gona, da mai sayar da iri, da mai kamfani. Na biyu shi ne sanar da sauran jama'a cewa ana yin aikin, ta rediyo ko jarida. Dukansu suna da kyau, amma ba su ne amfanin ba. Amfani shi ne abin da ya sāke a gida da rumbu bayan an yi su. Mutum dubu su ji shiri a rediyo, wannan sanarwa ce. Mutum ɗari su daina asarar wakensu, wannan shi ne amfani. Takardu da yawa a nan suke tuntuɓe, gama sukan lissafa tarurruka da littattafan da za a buga, su tsaya nan.

Bari mu ɗauki misalin abin da kowa ya sani, watau buhun ajiyar wake mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda ake kira buhun PICS. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun ƙarshen shekarun 1980 wani masanin ƙwari mai suna Larry Murdock, na Jami'ar Purdue a Amurka, tare da masu bincike na Marwa a arewacin Kamaru, suka gwada ta suka ga tana aiki. Asirinta ba wuya. In an ɗaure wake a inda iska ba ta shiga, ƙwarin da ke ciki sukan shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su daina haihuwa, su mutu, ba tare da an zuba magani ba. Ilmin ya samu, an kuwa rubuta shi. Duk da haka shekaru suka yi ta wucewa, mutane da yawa suna sayar da wake da arha a kaka don tsoron ƙwaro, waɗansu suna zuba masa fiya-fiya. Dalili biyu ne manya: leda mai kauri irin wadda ake bukata ba ta samuwa a kasuwannin ƙauye, kuma manoma da yawa ba su ga yadda ake ɗaurin da idonsu ba.

A 2007 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba Jami'ar Purdue dala miliyan 11.4 domin wannan aiki a ƙasashe 10 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Nijeriya, da Nijar, da Gana, da Kamaru, da Cadi. Ku lura, nauyin aikin ba a ɗakin gwaji yake ba, a kan isar da abin ga mutane yake. Aka nemi kamfanonin da za su yi buhun, kamar Lela Agro a Kano, aka nemi dillalan da za su kai shi kasuwa, aka yi shela a rediyo cikin harsunan mutane. A Nijar har an yi ɗan majigi na yadda ake ɗaure buhun, mutane suna tura wa juna a waya. Amma abin da ya fi duka shi ne nuni a ƙauye. Malamin gona ya zo da kaka, manoman ƙauyen su kawo wakensu na kansu, a cika buhu a ɗaure leda ta fari, a ɗaure ta biyu, a ɗaure buhun waje a gaban kowa. Bayan wata huɗu zuwa shida a tara jama'a a kwance buhun, kowa ya sa hannu ya ɗebo ya duba. Gani ya kori ji. An yi irin wannan nuni a ƙauyuka wajen 31,000, shi ya sa buhun ya shiga kasuwa ya zauna.

Wanda zai rubuta amfanin irin wannan aiki ba ya rasa abin faɗa, kuma ba kuɗin wake kaɗai ba ne. Akwai lafiyar masu cin waken. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Abin da Bature ya ƙi ci, mu da 'ya'yanmu muke ci.

To, ina mu a cikin wannan? Mai bincike ba ya iya cika wannan ɓangare na takardarsa shi kaɗai. Yana bukatar mutane masu gonaki, masu littafin lissafi, masu taro a kan kari, waɗanda maƙwabta suke jin maganarsu. Mu ke nan. A ayyukan noma da yawa na wancan asusu na Turai ma, ka'ida ce a sa manoma cikin aikin tun daga tsarawa, ba a ƙarshe ba. Saboda haka in wani ya zo da mota yana neman shugaba da magatakarda su sa hannu a wasiƙar goyon baya, kada mu ɗauka alfarma yake yi mana. Wasiƙarmu tana ƙara wa takardarsa nauyi. Mu karɓe shi da mutunci, mu ba shi ruwa, sa'an nan mu tambaye shi.

Tambaya ta fari, nawa aka ware a kasafin kuɗin domin komo mana da sakamako? Alkawarin da ba shi da layi a kasafi ba ya cika, gama in kuɗi suka yi kaɗan shi ake fara yankewa. Ranar nuni a gona tana cin kuɗin mota da abinci. Fassara zuwa Hausa ko zuwa harshen ƙauyenmu tana cin kuɗi, lokacin rediyo ma saye ake yi. Mu tambaya kuma a wane wata za a komo. Labarin sabon iri da ya iso bayan an gama shuka ya zama na baɗi, in ba a manta da shi ba. Sa'an nan, in abin ya yi kyau, a ina za mu saya, nawa ne kuɗinsa? Wannan ce tambayar da ta riƙe buhun wake shekaru da yawa. Kada a manta da mata. A gidaje da yawa su ne masu ajiyar wake da gyaɗa, su ne masu sarrafawa su sayar, amma in an kira taro da hantsi ranar kasuwa ba za a gan su ba. Taron zumuntar mata yana nan kowane mako, mai bincike kuwa ba zai san da shi ba sai mun faɗa masa.

Magana kuma ba daga gefe ɗaya take tafiya ba. Tun daga tsakiyar shekarun 1960 wani mai bincike a Samaru, David Norman, ya bi ƙauyukan ƙasar Zazzau yana rubuta abin da manoma suke yi. A lokacin masana da yawa suna ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne. Lissafinsa ya nuna manoman suna da hujja, gama haɗin yana rage kasada, yana kuma biyan wahalar noma. Takardar da ta nuna inda manoma za su ce wannan bai yi ba, a kuwa saurare su, ta fi wadda ta mai da su 'yan kallo.

Haka yake in mu da kanmu ne muke neman ɗan tallafi domin gwajin iri ko taki a gonar ƙungiya. Kada mu rubuta cewa aikin zai kawar da talauci a ƙasarmu. Mai karatu ya ga wannan sau ɗari, ba ya kuwa gaskatawa. Mu buɗe littafin magatakarda mu faɗi abin da ke ciki. A ce, alal misali, mu 40 ne, 15 mata, bara mun ajiye buhu 60 na wake, 12 suka lalace kafin bazara. Mu ce bana muna so mu gwada sabuwar ajiya a gida 10, za mu kwance buhunan a watan Afrilu a gaban ƙungiyoyi uku na maƙwabta, mu auna da mudu mu rubuta. Mu faɗi sunan muƙamin wanda zai riƙe lissafin, da wanda zai kai rahoto ofishin gona na ƙaramar hukuma. In gwajin bai yi kyau ba, shi ma za mu sanar, domin kada maƙwabta su zuba kuɗinsu a inda muka zuba namu.

Ƙungiyar da ba ta rubuta abin da ta girbe da abin da ta yi asara ba, ba ta da abin sawa a irin wannan takarda. Don haka muna roƙon magatakarda su soma tun kakar bana: yawan buhunan kowane gida, ranar da aka ajiye, irin ajiyar, da farashin mudu ranar ajiya da ranar sayarwa. Wanda yake da wasiƙar goyon baya a hannu bai riga ya sa hannu ba, ya kawo ta taron wata mai zuwa mu karanta ta tare.