Lokacin da bashi ya hana ni barci

'Yan uwa mata, ni ce mai riƙe da littafin ƙungiyarmu a nan Lambara. Bara da bazara na ci bashi a asusu don in ƙara jarin ƙuli-ƙuli, sai barci ya ƙaurace mini. In na kwanta bayan isha'i lissafi kawai nake yi: nawa zan zuba ranar taro, nawa ya rage. Ga zafi, ga sauro, kafin asuba kuma na tashi suya. Ranar da na rubuta zubin wata a layin wata har aka kusa faɗa, na san abin ya kai.

Ma'aikaciyar lafiya ta tambaye ni goro nawa nake ci. Ashe goro da shayi suna da sinadarin da ke kore barci, kuma bayan awa 5 kusan rabinsa na nan cikin jini. Babba kuwa yana bukatar barcin awa 7 ko fiye.

Na bar goro daga la'asar, da kyar kam! Lissafi da rana nake gama shi, in rufe littafi. Na kuma gaya wa ƙungiya halin da nake ciki, aka sassauta mini biya. Wannan ya fi komai taimaka mini.

Amma wadda ke minshari har numfashi ya tsaya, ta farka da ciwon kai, ta je asibiti, don yakan zo tare da hawan jini. Ƙwayar barci daga kyamis ba takardar likita, kada ki soma, jiki na sabawa da ita.