Yadda ake ƙin karɓar aiki cikin ladabi



Wata rana ana iya kiranka aiki: gadin mangaza, ko awon hatsi, ko tuƙin mota. Amma ga damina ta kama, gona tana jiranka. Ba ka iya karɓa. Yaya za ka yi?

Mutane da yawa kunya suke ji. Sai su ce «to», su tafi, ba su komawa. Wannan kuskure ne babba. Mai aikin yana ta jira, aikinsa ya tsaya. Gobe in ka je nema, ba zai yarda da kai ba.

Ka ba da amsa da wuri, cikin kwana 2 ko 3. Tun da yanzu ka iya rubutu, rubuta wasiƙa. A sama ka sa sunan garinku da kwanan wata. Sa'an nan abu 3: godiya, amsa, dalili. Ga misali:

«Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, na gode da ka tuna da ni. Ka yi haƙuri, ba zan samu damar karɓar aikin ba. Bana ni kaɗai ne mai noman gonar gidanmu. In Allah ya kai mu rani, ina nan.»

A ƙasa ka sa hannu. Kada ka yi ƙarya, kada ka kushe albashin. Ka kai wasiƙar da kanka.

Ka tuna, alkawari kaya ne. Wanda ba ka iya ɗauka, kada ka ce «to».

Sai mako mai zuwa.