Ɗalibin Digirin Digirgir da Sufabaizansa: Wa Ke Bin Wa Bashi?

 Ga rubutun shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba.

Abin da ya jawo maganar yau saƙo ne daga wani ɗan'uwa, malamin sakandare a yankin Ajingi, yana digiri na uku a wata jami'a da ba zan kira sunanta ba. Ya ce ya miƙa babi na biyu wata biyar ke nan, shiru. Ya kira waya ba a ɗauka. Sau uku yana tasowa daga gida, ya biyo ta Gaya, ya ci cunkoson gadar Wudil, ya isa ofis ya tarar da ƙofa a kulle. Tambayarsa ita ce: "Ina da haƙƙin yin magana, ko haƙuri ne kawai nawa?"

To, bari mu fara da yadda karatun yake, don da yawa suna ɗauka digirin digirgir ci gaban aji ne kawai, kamar daga aji biyar zuwa shida. Ba haka ba ne. A digirin farko ana ba ka ilimi, ka mayar a jarrabawa. A nan kuwa kai ake jira ka kawo abin da babu shi a da, komai ƙanƙantarsa. A jami'o'inmu, ko Bayero ce a Kano, ko ta Aliko Dangote da ke Wudil, ko ta Tarayya da ke Dutse, tsarin kusan ɗaya ne: ka kare shawarar bincikenka, ka gabatar da semina a sashe, ka rubuta kundi, a kawo mai jarrabawa daga wata jami'a ya yi maka tambayoyi baki da baki, sannan majalisar jami'a ta amince. Aƙalla shekara uku ne ga mai karatun cikakken lokaci. Kuma kusan kowane mataki a cikin waɗannan sai da sa hannun mutum ɗaya, sufabaiza. Ka ga inda ƙarfinsa yake.

Mu nan ba baƙi ba ne ga irin wannan dangantaka. Mutanen Gaya sun san zaman maƙeri da yaronsa. Ai labarin kafuwar Kano ma cewa ya yi maƙera ne daga Gaya suka je Dala neman tama. Yaron maƙera yana shekaru yana zuga kafin a bar shi ya riƙe masaba. A makarantar zaure kuma akwai littafin Ta'alimul Muta'allimi na Zarnuji, wanda ya tsaya sosai kan ladabin ɗalibi ga malami. Har Jamusawa ma "uban dakta" suke kiran mai duba kundi. Wannan tarbiyya tana da kyau, amma a ganina a nan take ba mu matsala: ta koya mana abin da ɗalibi zai yi wa malami dalla-dalla, ta bar ɗaya ɓangaren a dunƙule. Sai ɗalibi ya ɗauka tambayar "Ranka ya daɗe, yaushe zan samu gyaran?" rashin kunya ce. Alhali jami'a ba zaure ba ce. Akwai kuɗin rajista da kake biya duk shekara, akwai wa'adin da in ka wuce za a iya soke karatun, kuma duba kundinka yana cikin aikin da ake biyan malamin albashi a kai.

Me ke kan sufabaiza? Ya taimaka maka ka rage taken bincike ya koma abin da mutum ɗaya zai iya gamawa. In ka zo da "matsalolin noma a Arewa", shi zai ce maka a'a, ɗauki amfanin gona ɗaya a garuruwa kaza na Gaya da Ajingi. Ya karanta abin da ka rubuta cikin lokaci mai ma'ana, ya faɗa maka inda ka kauce da dalilin kaucewar. Jan layi da jan biro a rubuta "sake" ba gyara ba ne. Ya faɗa maka gaskiya da wuri in aikin bai kai ba, domin gara ka ji daga bakinsa a ofis da ka ji daga mai jarrabawar waje a gaban jama'a. In zai tafi hutun bincike na shekara, ya tsara wanda zai riƙe ka.

Abin da ba ya kansa: ba zai rubuta maka ba, ba zai nemo maka littattafai ba, ba shi ne mai gyara maka Turanci layi-layi ba.

Yanzu kai ɗalibi, kuma a nan zan ɗan matsa, don masu ƙorafi ba su cika faɗin nasu ba. Akwai ɗalibin da zai ɓace wata takwas, ya ce damina ce, ya ce bikin ƙanwa ne, sannan ya dawo da shafi ɗari biyu yana so a karanta kafin Juma'a. Akwai wanda za a yi wa gyara a babi na ɗaya, ya dawo da kuskuren nan dai a babi na uku. Akwai mai kwaso aikin wani daga intanet, ya manta yanzu ana saka kundi a manhajar Turnitin, kuma in asiri ya tonu sunan malamin ma yana ɓaci. Malamin nan fa yana koyar da aji mai ɗaruruwan ɗalibai, yana makin jarrabawa, yana zaman kwamiti, ga wasu ɗalibai irinka a layi. Ga yajin aiki: na ASUU a 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma da aka dawo komai ya taru a kan tebur ɗaya. Wannan ba uzuri ne na wata biyar ba, amma yana da kyau ka san da wa kake magana.

Maganar kyauta fa? Na san za a tambaya. Mutumin ƙauye ba ya zuwa wajen babba hannu rabbana, kuma ɗan tsaraba na gero ko gyaɗa al'ada ce. Amma ran da ka ga fayil ba ya motsi sai buhu ya motsa, ko ana aikenka cefane da kai yara makaranta, abin ya tashi daga girmamawa. Ga 'yan'uwa mata lamarin ya fi haka nauyi: duk malamin da ya ce a kawo masa babi otal ko a haɗu da dare, wannan cin zarafi ne, a adana saƙonnin a kai ƙara. Kada a yi shiru don gudun surutu.

Wani abu kuma, sunan malami a kan maƙalar da kuka buga daga kundin. In ya sa hannu a tunanin da gyaran, haƙƙinsa ne. A yi maganar tun kafin a rubuta, har da sunan wa zai zo farko.

To ɗan'uwanmu na Ajingi, amsarka: eh, kana da haƙƙi, amma bi ta tsani. Fara da rubutaccen saƙo mai ladabi, da kwanan watan da ka miƙa babin, ka roƙi ranar ganawa. Daina tasowa ba alƙawari, kuɗin mota kawai kake ƙonawa. In an haɗu, kafin ka tashi ku tsayar da ranar haɗuwa ta gaba, ka koma gida ka tura masa taƙaitaccen abin da kuka yanke ta WhatsApp ko imel, ya zama shaida gare ku duka. In shirun ya ci gaba, je wajen sufabaiza na biyu in an ba ka, sannan jami'in da ke kula da karatun gaba da digiri a sashenku, sannan shugaban sashe. Canjin sufabaiza yana yiwuwa ta makarantar karatun gaba da digiri, sai dai shi ne na ƙarshe, don sabon malami kan iya cewa a koma babi na ɗaya. Kuma ka nemi littafin dokokin makarantar ka karanta. Da yawa sai rigima ta tashi suke jin akwai shi.

Kafin amsa ta zo, kar ka zauna jiran babi na biyu, ka ci gaba da tattara bayanan na uku.

Malaman jami'a da ke bibiyarmu, muna son jin naku ɓangaren, ba sai kun faɗi suna ba. Mako mai zuwa za mu taɓa tallafin karatu na TETFund da wanda ya cancanci nema. Sai mun haɗu, a huta lafiya.