Mohammed Kari: Shekara 40 a harkar inshora, daga Royal Exchange zuwa kujerar NAICOM

Har yau direbobin tasi a Abuja suna kiran wata mahaɗar hanya a Maitama da sunan NICON, ko da yake yawancin matasan da ke hawa motocinsu ba su san asalin sunan ba. Na wani kamfanin inshora ne mallakar Gwamnatin Tarayya, wanda a zamanin ƙarfinsa ya zuba jari a katafaren otal ɗin da aka buɗe a 1987 da sunan NICON Noga Hilton, wanda a yanzu ake kira Transcorp Hilton. Daga cikin waɗanda suka taɓa shugabantar kamfanin akwai Alhaji Mohammed Uba Kari, ɗan asalin Bauchi, wanda ya rufe aikinsa na gwamnati a 2019 a matsayin Kwamishinan Inshora na Tarayya. Tarihin aikinsa ya bi ta kusan kowane lungu na wannan sana'a, kuma wasu daga cikin rigingimun da ya shiga sun shafi haƙƙin kowane ma'aikacin tarayya da iyalinsa.

Kari ya karanci inshora a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, daga baya ya ƙaro ilimi a Birtaniya. Ya fara aiki a 1979 da kamfanin Royal Exchange, wanda tun 1921 ya buɗe reshe a Legas, abin da ya sa ake lissafa shi a matsayin kamfanin inshora mafi daɗewa a ƙasar nan. A wancan lokaci 'yan Arewa ƙalilan ne ke cikin sana'ar, domin cibiyarta tana Legas, ga shi kuma jama'a da dama suna ɗari-ɗari da ita saboda dalilan addini. Daga nan ya koma kamfanin Yankari Insurance, kafin a ba shi muƙamin babban darakta a Niger Insurance a 1989, inda ya zama shugaban kamfanin a 1992.

Manyan kamfanonin gwamnati biyu

A 1993 Gwamnatin Tarayya ta ɗora shi a kan Nigeria Reinsurance Corporation, kamfanin da aka kafa a 1977 domin yi wa kamfanonin inshora inshora. Dalilin wannan tsari a fili yake: kamfanin da ya ɗauki nauyin jirgin sama ko masana'anta ba zai iya biyan diyya shi kaɗai ba idan asara ta auku, don haka yakan miƙa wani kaso na haɗarin, tare da wani kaso na kuɗin da ya karɓa, ga wani kamfani mafi ƙarfi. Kafin kafa Nigeria Re, galibin waɗannan kuɗaɗe ƙetare suke tafiya, musamman Landan. Shi ya sa doka ta wajabta wa kamfanonin cikin gida su riƙa miƙa masa kashi 20 cikin 100 na harkokinsu. Kari ya shafe kimanin shekara bakwai a wannan kujera.

A shekarar 2000 aka mayar da shi NICON, wanda aka kafa a 1969, kuma doka ta ba shi damar yi wa kadarorin Gwamnatin Tarayya inshora. Wannan gata ne ya sa kamfanin ya zama giwa a fagen, amma irin wannan gata yana da illarsa, domin kamfanin da kwastoma ke zuwa masa bisa tilas ba ya koyon farautar kasuwa. Bayan barin Kari, an sayar da NICON ga 'yan kasuwa a 2005. Zuwa 2021, hukumar AMCON mai karɓar basussukan da suka maƙale ta karɓe ragamar NICON da Nigeria Re baki ɗaya. Ma'aikatan da suka san kamfanonin biyu a zamanin da ake rububin samun aiki a cikinsu ba su ji daɗin wannan ƙarshe ba.

Kari ya dawo fagen a 2007 a matsayin shugaban UnityKapital Assurance, kamfanin da ke da alaƙa da Bankin Unity. A 2014 aka naɗa shi mataimakin kwamishina mai kula da ɓangaren ƙwarewa a Hukumar Kula da Inshora ta Ƙasa, wato NAICOM, sannan a watan Yulin 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya naɗa shi Kwamishina, ya gaji Fola Daniel. Wanda ya daɗe ana sa masa ido ya zama mai sa wa wasu ido, ya kuma zo da sanin duk wata kafa da kamfanoni ke bi su zille wa doka.

Rigimar jari

Babbar matsalar da ya tarar ita ce ƙarancin jari. Tun 2007 aka ƙayyade cewa kamfanin inshorar rai zai mallaki aƙalla naira biliyan 2, na inshorar dukiya biliyan 3, mai haɗa biyun biliyan 5, mai yi wa kamfanoni inshora kuma biliyan 10. A 2007 naira biliyan 3 ta kusa dala miliyan 24. Zuwa 2019 ba ta kai dala miliyan 10 ba. Adadin yana nan a takarda, amma ƙarfinsa ya zaizaye. Kamfani mai irin wannan jari idan ya ɗauki nauyin rijiyar mai ko jirgin sama, ya yi alkawarin da ya fi ƙarfin aljihunsa, kuma mai inshora ba zai gane haka ba sai ranar da ya zo neman diyya.

A 2018 NAICOM ta fito da tsarin rarraba kamfanoni zuwa matakai uku gwargwadon jarinsu. Ba a ce za a rufe kowa ba, sai dai manyan haɗura irin na mai da iskar gas da jiragen sama za su zama na 'yan matakin farko kaɗai, inda ake buƙatar naira biliyan 9 ga kamfanin dukiya, biliyan 6 ga na rai, biliyan 15 ga mai haɗa biyun. Masu hannun jari suka ce wa'adin ya yi kaɗan, kuma tsarin zai sa jama'a su guje wa ƙananan kamfanoni. Wasunsu suka garzaya Babbar Kotun Tarayya da ke Legas. A watan Nuwamban 2018 hukumar ta janye tsarin.

Kari bai haƙura ba. A watan Mayun 2019, saura 'yan makonni wa'adinsa ya cika, hukumar ta sanar da sabon ma'auni ga kowa: biliyan 8 ga inshorar rai, biliyan 10 ga ta dukiya, biliyan 18 ga mai haɗa biyun, biliyan 20 ga mai yi wa kamfanoni inshora. Shi ma wannan shiri ya ci karo da shari'a, aka dakatar da shi bayan ya bar kujera a hannun Sunday Thomas. Ɗaya daga cikin hujjojin masu adawa ita ce, adadin da ke cikin Dokar Inshora ta 2003 majalisa ce ya kamata ta sauya shi. Sai a 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar gyaran harkar inshora, wadda ta kai jarin zuwa biliyan 10 ga inshorar rai, biliyan 15 ga ta dukiya, da biliyan 35 ga masu yi wa kamfanoni inshora. Abin da Kari ya nema da takardar umarni, sai da aka ɗauki shekara shida kafin doka ta tabbatar da irinsa.

Abin da ya shafi ma'aikaci

Dokar Fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi wa kowane ma'aikacinsa inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na jimillar albashinsa na shekara ba. Ga ma'aikatan ma'aikatun tarayya, Ofishin Shugaban Ma'aikata ne ke shirya wannan. Sai dai a lokacin akwai wata ƙa'ida a sashe na 50 na Dokar 2003, wadda aka fara aiki da ita sosai tun Janairun 2013, kuma Kari ya gaje ta: idan ba a biya kuɗin inshora ba, babu kariya. Ƙa'idar ta magance tsohuwar al'adar ba da inshora bashi, wadda ta bar kamfanoni da tulin basussuka maimakon kuɗin biyan diyya. Amma ta kuma nuna cewa duk watan da gwamnati ta makara wajen biya, ma'aikacin da ya rasu a cikinsa ba ya ƙarƙashin kowane kamfani. Dokar Fansho ta ce a irin wannan hali nauyin biyan magada yana kan mai ɗaukar aikin. Iyalai da yawa ba su san da wannan haƙƙi ba, wasu kuma takardar magajin da mamacin ya cike tun yana saurayi ce ke jawo musu jinkiri.

A zamaninsa ne kuma aka ba Jaiz Takaful da Noor Takaful lasisi a 2016, bisa ƙa'idojin da hukumar ta fitar a 2013. A tsarin takaful, mahalarta suna zuba gudummawa a asusu guda don taimakon wanda asara ta sama, kamfani yana karɓar ladan kula da asusun, ana juya kuɗin a harkokin da babu riba, rarar da ta saura kuma ana iya mayar wa mahalarta. Wannan ya buɗe ƙofa ga ɗan kasuwar Kantin Kwari ko ma'aikacin da a da yake ganin inshora ta yi kama da caca. An kuma sabunta ƙa'idojin ƙaramar inshora ta masu ƙaramin ƙarfi a 2018.

Duk da haka, kuɗin da harkar inshora ke tarawa a shekara bai kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin Najeriya ba lokacin da ya zo, haka kuma ya bar shi. Masu sukarsa na cewa ya fi mayar da hankali ga matsa wa kamfanoni fiye da jawo jama'a. Masu yabonsa na cewa jama'a ba za su zo ba sai sun ga ana biyan diyya, kuma kamfanin da ba shi da jari ba zai biya ba. Kari ya sauka a watan Yulin 2019, shekara 40 cif bayan shigarsa Royal Exchange. Masarautar Bauchi ta naɗa shi Waziri, sarautar da aikinta shi ne ba Sarki shawara.