Yadda Za Ka Adana Ko Soke Zaɓin Launi A Burauzar Lynx

Lynx burauza ce mai nuna rubutu zalla, ba hoto ba bidiyo, shi ya sa ba ta cin data sosai. An ƙirƙiro ta a Jami'ar Kansas ta Amurka a 1992, kuma masu Android na iya sauke ta ta cikin manhajar Termux.

Domin sauya launi, danna harafin o, shafin Options zai buɗe, sai ka nemi Show color. Zaɓi huɗu ne: ON, OFF, ALWAYS da NEVER.

A nan ake yawan rikicewa. ON da OFF na zaman da kake ciki ne kawai. ALWAYS da NEVER su ne ke ɗorewa, amma sai ka yi wa Save options to disk alama kafin ka danna Accept Changes. Lynx za ta rubuta zaɓin a fayil mai suna .lynxrc.

Idan launin ya sa rubutu ba ya karantuwa, kada ka goge fayil ɗin, domin sauran saitinka zai tafi tare da shi. Zaɓi ON ko OFF, ka sake adanawa. Daga nan Lynx za ta koma duba ko allonka na ɗaukar launi duk sanda ka buɗe ta.