Rajistar Adireshin Yanar Gizo: Yadda Ake Kiyaye Sunan Shafin Hukuma

Kamar yadda muka sani, a yankunan Dambatta, Makoda, Kunchi da Bichi gonaki a manne suke da juna, kuma ba a taɓa iyakar gona sai da sanin dagaci da shaidu. Adireshin shafin hukuma a yanar gizo ma yana buƙatar irin wannan tsaro, domin ta nan jama'a ke samun sanarwa, ma'aikata kuma ke karɓar wasiƙun aiki.

Mene ne DNS?

Na'ura mai ƙwaƙwalwa da lamba take gane 'yar'uwarta. Idan mutum ya rubuta kanostate.gov.ng a wayarsa, wata rajista ce ke juya sunan zuwa lambar na'urar da shafin yake ciki. Wannan tsari shi ake kira DNS, wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a Amurka a 1983. A Nijeriya, ƙungiyar NiRA, da aka kafa a 2005, ita ke kula da sunayen da suka ƙare da .ng, hukumar NITDA kuma ke ba ofisoshin gwamnati izinin amfani da .gov.ng.

Kowane layi na rajistar da aikinsa. Layin A yana nuna inda shafin yake, layin MX yana nuna inda wasiƙun imel za su sauka, layin TXT kuma yana taimakawa wajen gane wasiƙar bogi.

Ina haɗarin yake?

Akan ajiye rajistar a rumbunan kamfanoni irin su Cloudflare ko Amazon, ma'aikaci ɗaya ya shiga ya gyara da hannu. In ya kuskure lamba guda, shafin ya ɓace. In aka yi masa canjin wurin aiki, ba wanda ya san abin da ya taɓa. Manya ma ba su tsira ba: ranar 4 ga Oktoba, 2021, kuskure wajen gyaran na'urori ya sa aka kasa kaiwa ga rajistar Facebook, sai Facebook da WhatsApp da Instagram suka tsaya kimanin awa shida.

Rubutacciyar hanya

Maganin shi ne a rubuta dukkan layukan a fayil guda, a ajiye shi a ma'ajiyar Git, wadda ke riƙe sunan mai gyara da ranar gyaran. Manhajoji irin su Terraform, da kamfanin HashiCorp ya fitar a 2014, ko OctoDNS da DNSControl, su ke aiwatar da rubutun. Matakan su ne:

1. Ma'aikaci ya rubuta canjin da yake so.
2. Manhajar ta nuna abin da za a ƙara, a sauya ko a goge.
3. Jami'i na biyu ya duba ya amince.
4. A aiwatar. In matsala ta taso, a koma rubutun baya.

Kira ga jami'ai da jama'a

Muna shawartar jami'an ƙananan hukumomi su tambayi masu kula da shafukansu: da sunan wa aka yi rajista, mutum nawa ke riƙe da mabuɗin sirri, kuma ina rubutaccen tarihin gyare-gyare? Ya kamata sunan ya zama mallakar ofis, a kuma sa fayil ɗin cikin takardun miƙa aiki.

Har ila yau, muna kira ga manoma da sauran jama'a: kafin a biya kuɗin taki ko fom a wani shafi da sunan gwamnati, a duba ko adireshinsa ya ƙare da .gov.ng. In ana shakka, a je sakatariyar ƙaramar hukuma a tambaya.