Keana, Garin Gishiri Da Ke Gaba Da Obi

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, idan Allah Ya kai ku Lafiya hutun Salla, ku daure ku bi hanyar Obi ku leƙa Keana, tsohon garin Alago inda gishiri ke fitowa daga ƙasa.

Aikin nan na mata ne, gado tun kaka da kakanni. Sukan ɗebo ruwan zartsi su yayyafa a ƙasa, rana ta busar, su kankare ƙasar su zuba cikin tukwane masu huji a gindi. Ruwan da ya tsatso shi ake dafawa har ya ƙone, farin gishiri ya rage. Da wannan gishiri fatake suka san Keana, kuma dominsa ake bikin Oyarore a gaban Sarkin garin, Osana.

To, ku dubi abin da Turawa suka yi da nasu. A Wieliczka ta ƙasar Foland akwai coci sukutum da aka sassaƙa cikin dutsen gishiri, mita 101 a ƙarƙashin ƙasa. An daina haƙar gishirin sayarwa a can a 1996, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa, amma 'yan yawon buɗe ido ba su daina tururuwa ba.

Namu kuwa gishirin kanti na neman danne shi. Saboda haka ku je da yaranku su gani da idonsu, ku sayo ko mudu ɗaya ne tsaraba. Cinikin nan ne zai sa 'yan mata su karɓi tukwanen daga hannun iyayensu.